Alawus Ya Shigo: A Biya Bashi ko A Yi Ajiya?

Mataimakan 'yan majalisa da ma'aikatan da ke dogaro da alawus sun san kuɗin da ke zuwa kamar ruwan bazara: yau mamako, sai a shafe wata biyu babu ɗigo. Hayar Kubwa ko Mararaba kuwa ta shekara ce, a dunƙule.

Idan kuɗin suka faɗo, wanda bashi ya shaƙe yakan miƙa su duka ga masu binsa. Ranar da yaro ya kwanta asibiti, sai a koma wa manhajojin rance, masu ruwa mai tsanani da saƙonnin tozarci ga lambobin wayar mutum, halin da ya sa FCCPC ta wajabta musu rajista a 2022.

Basussukan ba ɗaya ba ne. Na manhaja ya kamata a fara kashewa; na ƙungiyar gama-kai yana iya bin jadawalinsa. Abin da ya rage, ko kuɗin cefanen wata guda ne, a killace shi a asusun da ba shi da kati. Adashi ba ya maye gurbinsa, domin kwasa sai ranarta ta zo. Wa'adin majalisa ta goma zai cika a Yunin 2027, kuma aikin mataimaki yana ƙarewa tare da kujerar maigidansa.