Rutana, Algarabiya da Gwaranci

Duk Bahaushen da ya tashi a ƙauyukan Jazira ko bakin kogin Nilul Azraƙ ya san kalmar "rutana". Da ita masu jin Larabci a Sudan ke kiran duk harshen da ba nasu ba, asalin ma'anarta kuwa surutun da kunne bai gane kansa. Kakanninmu sun iso ƙasar nan bayan yaƙin Burmi na 1903, wasu suka zauna Maiwurno kusa da Sinnar, wasu suka bazu cikin gonakin auduga bayan an gama madatsar ruwan Sinnar a 1925. Yau an haura shekara ɗari, amma har yanzu yaro kan dawo daga makaranta ya roƙi uwarsa ta daina yi masa rutana gaban abokansa.

Abin da yaron bai sani ba shi ne, Larabcin ma ya taɓa ɗanɗana wannan raini. Musulmi sun yi kusan ƙarni takwas suna mulki a Andalus, wato Sifen ta yau. Garnaɗa ta faɗi a 1492, a 1567 kuma Sarki Filib na Biyu ya haramta wa jikokinsu magana da Larabci. Sai kalmar "al-arabiyya" ta zauna a bakin Sifaniyawa ta koma "algarabía", ma'ana hayaniya da hargitsi, irin na taron da kowa ke magana ba mai sauraron wani. Dubi ikon Allah, harshen da Ibn Rushdi ya yi rubutu da shi a Kurɗuba! Wasu masana na ganin daga nan Faransanci ya samo "charabia", maganar da ba kai ba gindi. Ingilishi kuwa ya gaji "barbarian" daga Girkawan dā, waɗanda maganar baƙo ke zo musu kunne kamar "bar-bar".

Kafin mu yi fushi da mai ce mana rutana, ya kamata mu leƙa namu bakin. In yaro ya kwaɓa magana, ko baƙo ya karya Hausa, me muke cewa? Gwaranci. Mutanen da muka ɗauko kalmar daga sunansu suna nan a yankunan Minna, Kaduna da Abuja, Gbagyi suke kiran kansu, kuma da yawansu sun iya Hausa sarai, alhali kaɗan ne cikinmu suka iya ko gaisuwa da harshensu.