Zane, Zayyana da Fasaha: Sunan Wani Fanni a Jami'a

Duk malamin da ya taɓa bayyana wa wani dattijo a Anka, ko Gummi, ko Bukkuyum, cewa ɗansa yana so ya tafi Zariya ya yi shekara huɗu yana karatun "zane-zane", ya san irin kallon da za a yi masa. A ganinmu kalmar ce ta jawo. Ninki irin wannan, kamar na ciye-ciye da guje-guje, yakan nuna abubuwa barkatai da ake yi nan da can. Wanda ya ji zane-zane, sai ya tuna da yara suna ɓata bango da gawayi.

Hausa ba ta da kalma guda da ta tattara wannan fanni. Sunaye ne da yawa, kowane da mai shi. Zane, mai dogon wasali a gaɓar farko (ba na ɗaurawa ba), shi ne jan layi, ko a ƙwarya, ko a bango, ko a fuska da askar wanzami. Zayyana, wadda muka aro daga Larabci, ita ce adon da alaramma ke yi wa Alƙur'ani da allon sauka. Sassaƙa ta masassaƙi ce, aska takwas ta maɗinki, aikin fata na baduku. Dukansu sana'o'i ne, ana gadonsu ko a koya wurin ubangida, wanda ya ƙware kuwa a ce masa gwani. Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, da Babban Gwani aka san shi.

Abin da jami'a ta yi shi ne ta tara irin waɗannan ƙarƙashin rufi ɗaya, ta ƙara musu tarihi da nazari. A 1955 aka ɗauko sashen daga Ibadan zuwa kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Malaman farko galibi Turawan Ingila ne, tsarin ƙasarsu suke koyarwa. To, a 1958 sai wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya. Ra'ayinsu shi ne a koyi dabarar Bature, amma a zuba mata abin gida. Okeke ya koma ga uli, watau adon jiki da na bango na matan Ibo, ya gina aikinsa a kai. Nwoko ya karkata ga gine-gine, har aka ba shi babbar lambar yabo a Benis ta Italiya a 2023.

Abin lura, waɗannan huɗu duk 'yan Kudu ne. Sun zauna cikin garin da zaurukansa ke ɗauke da dagi, amma kowa gidansu ya waiwaya, kuma daidai ne. Saura wanda zai waiwayi namu. Yaron da ya tashi yana wanke allo, yana ganin yadda ake raba shafin zayyana gida-gida ba tare da ma'auni ba, ya riga ya zo da rabin darasin shekarar farko.

Sai batun da iyaye suka fi jin tsoro, watau sura. Lalle malamai sun yi magana mai nauyi kan siffanta abu mai rai, balle sassaƙa shi, ba kuwa aikinmu ba ne mu yi fatawa. Amma fasahar wannan zamani ba ta tsaya ga sura ba. Ibrahim El-Salahi na Sudan, ɗan malamin allo ne, ya yi karatu a Landan, ya koma gida ya ɗauki baƙaƙen Larabci ya mai da su tushen aikinsa. A 2013 gidan Tate Modern ya baje ayyukansa na tsawon rayuwa. Shi yakan zana fuskoki, amma hanyar da ya buɗe tana biyuwa ko ba su.

Game da abin kai wa baki, kada a ruɗi yaro. An sayar da hoton Tutu na Ben Enwonwu a Landan a 2018 kan kuɗin da ya haura fam miliyan ɗaya, amma irin wannan ɗaiɗai ne, kuma bayan mutuwar mai shi ne. Kasuwar tana Ikko, inda ake baje kolin Art X tun 2016. Koyarwa da tsara littattafai da adon tufafi su ne suka fi riƙe mutum kafin sunansa ya fito.

Wane suna ke nan za mu ba fannin a makarantun horon malamai? Fasaha ita kaɗai ba ta isa ba. Asalinta a Larabci iya magana ne, yanzu kuma "kimiyya da fasaha" ta janye ta zuwa ga injuna. Mu dai mun fi karkata ga "fasahar zayyana". Tana da aibi guda, domin zayyana takan ɗauki ma'anar bayani dalla-dalla, sassaƙa kuma ba ta shiga cikinta sosai. Duk da haka kalma ce da dattijon Gummi ya riga ya sani, ya kuma taɓa biyan kuɗi dominta ran da ɗansa ya sauke.