Kamfanonin giyar da suka tona sirrin sana'arsu da kansu

A watan Fabrairun 2016 kamfanin BrewDog na ƙasar Skotland ya yi abin da 'yan kasuwa da yawa za su kira wauta. Ya saki wani littafi mai suna DIY Dog a intanet, kyauta, ɗauke da tsarin haɗa giya iri 215 da ya taɓa dafawa, har da Punk IPA wadda ita ce uwar cinikinsa. An rubuta awon komai daidai da tukunyar lita 20, yadda mai dafawa a gida zai iya kwaikwaya.

Giya haramun ce ga akasarin masu karanta wannan shafi, amma batun ya shafi duk mai sana'a. Kamfanin Coca-Cola har gobe yana ɓoye tsarin haɗa lemonsa cikin ɗakin ƙarfe a birnin Atlanta. To me ya sa BrewDog da ire-irensa suka buɗe nasu?

Dalili na farko shi ne asali. James Watt da Martin Dickie, waɗanda suka kafa BrewDog a 2007, a gida suka fara dafa giya. A Amurka ma haka abin yake. A 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta wa mutum dafa giyar shansa a gida, kuma daga cikin irin waɗannan mutane ne ƙananan kamfanoni suka ɓullo. Ken Grossman shagon sayar da kayan dafa giyar gida yake da shi a garin Chico na jihar Kalifoniya kafin ya buɗe kamfanin giya na Sierra Nevada a 1980. Wanda ya koyi aiki daga hannun 'yan'uwansa kyauta ba ya jin ciwon koyar da na baya.

Dalili na biyu na kimiyya ne. Ainihin kayan haɗin giya huɗu ne: ruwa, tsiron sha'ir, yisti, da furen wata shuka mai yaɗo da Turawa ke kira hops, mai ba da ɗaci da ƙamshi. Amma ruwan kowane gari da irin ma'adinansa. Na Burton a Ingila cike yake da gishirin ƙasa mai fito da ɗaci, na Pilsen a ƙasar Cek kuwa kusan babu komai a cikinsa. Shi kuma yisti abu ne mai rai. Wani yana son zafin digiri 18 zuwa 20, wani sai sanyin kusan 10, kuma in zafin ya ɗan haura sai ɗanɗano ya sauya. Ƙwayar cuta kaɗan a tukunyar da ba a wanke sosai ba ta isa ta tsamar da aikin mako biyu. Don haka takarda ba ta isa ta ba mutum abin da kamfani ke tinƙaho da shi, wato fitar da kaya iri ɗaya yau da gobe da jibi.

Buɗe sirrin ya ma taɓa zama hanyar agaji. A 2018, bayan wata gobarar daji ta kashe mutum 85 a gundumar Butte ta jihar Kalifoniya, Sierra Nevada ta raba tsarin haɗa wata giya mai suna Resilience, kamfanoni fiye da 1,400 suka amsa kiran dafa ta domin kuɗin cinikin ya tafi ga waɗanda suka rasa muhallinsu.

Kamfanonin nan ba su yi asarar masu saye ba don sun koyar, domin wanda ya gwada da hannunsa shi ya fi sanin wahalar aikin da darajarsa. Mu kuwa magunguna da dabarun rini da na jima nawa aka binne tare da masu su saboda tsoron kishiya? Abin da ke riƙe wa mai sana'a kasuwa shi ne ƙwarewar hannu da amana. Ilimin da aka koyar ƙaruwa yake yi, wanda aka ɓoye kuwa da mai shi yake mutuwa.