Daga Shaho Zuwa Ƙugiya: Asalin Kalmar "Lure" Ta Turanci

Idan kana karanta labarai da Turanci, da wuya ba ka taɓa cin karo da kalmar "lure" ba, musamman a labarin wanda aka ja shi zuwa wani gari da alƙawarin aiki, ya je ya tarar da wahala. Mu kan fassara ta da "yaudara", amma fassarar ba ta cika ba. Ana iya yaudarar mutum da ƙarya tsagwaronta. Ita "lure" kuwa sai an nuna maka abin da ranka yake so, ka taho da ƙafarka.

Kalmar ta shiga Turanci a ƙarni na 14 daga tsohon Faransanci, kuma a lokacin sunan wani kayan farauta ne. Sarakunan Turai suna kiwon shaho su yi farauta da shi. In an sake shi, ta yaya zai dawo? Sai a ɗaure fukafukai a igiya su yi kama da tsuntsu, a maƙala tsokar nama, a riƙa wulwulawa a sama. Shaho ya hango, ya sauko. Wannan abin shi ne "lure". Tun da wuri aka faɗaɗa shi zuwa mutane, daga baya kuma masunta suka ari sunan don kifin bogi da ake sa wa ƙugiya.

Ga inda abin yake: masu kiwon shaho sun san ƙoshasshen tsuntsu ba ya kula su. Shi ya sa suke auna abincinsa, su fita da shi yana ɗan jin yunwa.

Duk wanda ya tashi a Haɗeja ya san wannan ilimi, ko bai taɓa ganin littafi ba. Je ka bakin kogi ko fadamun Baturiya, waɗanda aka sa cikin jerin dausayin duniya na Ramsar a 2008, ka kalli masunci. Tana ko ƙaramin kifi yake sa wa ƙugiya don tarwaɗa, ya zuba dusa a cikin gura. Sunan wannan koto. Ba ya bin kifi da gudu. Sanin abin da kifin yake ci shi ne rabin sana'ar.

Akwai 'yar'uwarta, "entice". Ita ma ta Faransanci ta biyo, kuma masana suna danganta ta da kalmar Latin mai nufin itacen da ke ci da wuta. Wato hura wutar sha'awa a zuciyar mutum. Ka ga Bahaushe ma haka ya yi: maƙeri yana zuga wuta da zugazugi, abokin banza yana zuga yaro. Harsuna biyu, ba dangin iya ba na baba, hoto ɗaya.

To me ya shafe ka? A yau koton a waya yake zuwa: aiki a ƙasar waje ba tare da takardu ba, tallafin da sai ka turo lambar sirrin katinka, jarin da zai ninka cikin mako. Mai kafa tarkon ya riga ya auna yunwarka, kamar mai shaho. Kuma ka lura, naman da ke jikin igiyar na gaske ne. Shi ya sa ake biyan mutanen farko ribarsu, su je su jawo wasu.

Don haka in tayi ya yi maka daɗi fiye da kima, kada ka tsaya kan tambayar ko naman na gaske ne. Tambayi wanda ke riƙe da igiyar.