Rana a Tsakiya: Gaskiya da Ƙarya a Labarin Kofanikas da Galileyo

Sama da shekara dubu malaman falaki suka yi a kan tsarin Batlamus na Iskandariya, wanda ya ce Duniya a tsaye take, Rana da taurari ke kewaya ta. Labarin yadda aka bar wannan ra'ayi ya sha gishiri a bakin mutane, ya kamata a tace shi.

"Kofanikas ne ya fara cewa Duniya ke kewaya Rana." Ba haka ba ne. Wani Bagirke, Aristakus, ya faɗi haka tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, sai dai maganarsa ba ta karɓu ba. Aikin Kofanikas, ɗan ƙasar Foland, shi ne ɗora ra'ayin a kan cikakken lissafi a littafinsa na 1543.

"Daga malaman Musulmi Kofanikas ya ɗauko." Da ƙamshin gaskiya. Ibn Shaɗir, mai kula da lokutan salla a Masallacin Umayyawa na Dimashƙu a ƙarni na 14, ya tsara lissafin tafiyar Wata irin wanda ya bayyana a aikin Kofanikas. Wata dabarar lissafi ta Nasiruddin Ɗusi ma tana ciki. Amma dukansu biyu Duniya suka bari a tsakiya.

"Coci ya ƙona Galileyo." Ƙanzon kurege ne. A 1633 kotun Cocin Katolika a Rum ta tilasta masa janye maganarsa cewa Duniya ke kewaya Rana, ta yi masa ɗaurin talala har ya mutu a gidansa a 1642. Wanda aka ƙona shi ne Jodano Buruno a 1600, kuma galibin tuhumarsa kan aƙida ce.

"Madubin hangen nesa ya kashe gardamar nan take." A'a. A 1610, da madubin hangen nesa, Galileyo ya ga watanni huɗu suna kewaya Mushtari, ya kuma ga Zahra tana cika tana raguwa kamar Wata. Wannan ya rushe tsarin Batlamus, amma masu ja suna da tambaya mai ƙarfi: in Duniya na tafiya, me ya sa ba a ganin taurari suna gocewa? Dalili shi ne tsananin nisansu, kuma sai a 1838 Bajamushe Besel ya auna wannan ɗan gocin. Kafin nan, lissafin wasu malamai biyu, Kefla da Niyuton, ya riga ya gamsar da masana.

Wannan sauyi aikin al'ummomi da yawa ne, kuma hujja ce ta kawo shi sannu a hankali. Adalci shi ne a ba kowane malami haƙƙinsa daidai gwargwadon abin da ya yi.