Tsoffin ɗaliban Lise Kuran Daga: benci ɗaya, rabo daban-daban

Duk wanda ya san Damagaram ya san cewa babbar salla ce lokacin da gari ke karɓar ƴaƴansa. Motocin Yamai, bayan sun cinye kilomita wajen 900, su sauke ma'aikata; na Kano da na Agadas su sauke ƴan kasuwa da ƴan ci-rani. Idan aka sauko daga idi, aka yi layya, aka gama gaishe-gaishen dangi, sai kuma wani zumunci ya taso wanda ba na jini ba ne, ba kuma na unguwa ba, wato zumuncin waɗanda suka zauna kan benci ɗaya a Lise Amadu Kuran Daga, waɗanda a bakin ƴan lakkol ake ce wa furomo.

A da, mai neman abokin karatunsa sai ya rubuta wasiƙa, ko ya biya kuɗin sanarwa a gidan rediyo, ya zauna jiran sa'a. Yanzu kuwa mutum ɗaya ya isa. Ya buɗe zaure a WhatsApp, wannan ya kawo lambar wancan, kafin sati ya zagayo waɗanda suka ɓace wa juna shekara ashirin sun hallara. Kwanakin farko na dariya ne: tsoffin hotuna, sunayen tsokana da matan aure da ƴaƴa ba su taɓa ji ba, da labarin sirbeyan mai tsare ƙofa da safe. Daga baya ne sanarwar rasuwa ke fara shigowa, sai jama'a su lura cewa lissafin ajin ya ragu.

Makarantar ta ci sunan Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga, ɗan Sarki Tanimun, wanda a zamaninsa aka kashe Kyaftin Cazemajou cikin 1898, ya gwabza da Faransawa a Tirmini cikin 1899, aka kuma kashe shi a wannan shekara. Abin lura ne a ce makarantar da kowane darasi nata da Faransanci ake bayar da shi tana ɗauke da sunan wanda ya mutu yana yaƙar masu harshen. Ɗalibai ba su cika tsayawa kan wannan ba. Hankalinsu na ga jarrabawar bak.

Shekaru da dama lise ba ta da yawa a gabashin ƙasa, saboda haka yaron da ya ci birbe a Gure, Tanut, Magarya, Matamaye ko Mirya, har ma da na can wajen Maine-Sorowa da Gigmi, Damagaram ake turo shi. Bahaushe, Babarbare, Buzu, Bafillace, Tubu da Balarabe duk a aji guda. Mohamed Bazoum, wanda ya shugabanci ƙasa daga 2021 zuwa juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ta wannan hanya ya biyo: daga Tesker zuwa Gure, daga Gure zuwa Kuran Daga, inda ya samu bak ɗinsa cikin 1979.

To amma fa yaron ƙauye, kafin ya san aji sai ya san mai masauki. Wanda bai samu wuri a kwanan makaranta ba, uba kan riƙo hannunsa ya kai shi gidan wani sananne a Birni, ko Zango, ko Garin Malam, ya damƙa amana. Wani lokaci ma sanayyar ba ta wuce ta ciniki a kasuwar Dole ba. Maigida ya ba shi zaure ko shago, uwargida ta ƙara kwano ɗaya a tuwon dare, shi kuwa ya zama ɗan gida: aike nasa, sharar ƙofar gida tasa, uwa-uba ɗibar ruwa, domin Damagaram gari ne da ke zaune kan dutse, ƙishirwarsa kuwa ta girmi duk wanda ke raye yau. Da yawa daga cikin manyan ma'aikatan da ake gani cikin motoci masu sanyi sun yi layin famfo tun kafin kiran asalatu, sa'annan su ruga aji da fura a ciki ko babu. Da dare kuma, gidan da ba lantarki, sai a ɗauki kaye a nufi gindin fitilar titi, ana kai da komowa ana haddar tarihi da falsafa. Shi ya sa tsohon ɗalibi mai mutunci, idan ya sauka gari, ba makaranta yake fara zuwa ba. Gidan mai masaukinsa yake nufa da buhun shinkafa ko turmin atamfa, ya durƙusa ya ce Baba, ya ce Inna, ko da kuwa furfura ta cika masa kai. Idan tsofaffin sun riga mu gidan gaskiya, ya yi wa magada gaisuwa.

Wurin taron ba ya wuce ƙofar gidan ɗaya daga cikinsu: tabarmi, shayi kan gawayi, soyayyen naman salla. Hirar da Hausa ake yin ta, ana barbaɗa mata Faransanci kamar gishiri, kuma ba a rasa mai tsokana da zai tuna musu cewa tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta mai da Hausa harshen ƙasa, Faransancin da suka sha wuya a kansa ya koma harshen aiki. Labarin da ba ya tsufa shi ne na ranar faɗin sakamako, lokacin da ake kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya, wasu su yi tsalle, wasu a tura su zagaye na biyu, wasu kuma su sulale ba sallama.

Sai dai ba duk furomo ba ne ke da labari iri ɗaya. Waɗanda suka fita cikin shekarun 1970, zamanin da kuɗin yuraniyom ɗin Arlit ke shigowa, gwamnati ta ɗauke musu nauyin karatu, ta tura wasu Dakar da Abijan da Faransa, suka dawo suka tarar da aiki na jiransu. Taronsu na ƴan fansho ne, hirar hawan jini da auren ƴaƴa. Ƙannensu na shekarun 1990 kuwa sun buɗe ido cikin guguwa. Ran 9 ga Fabrairu 1990 aka harbe ɗalibai uku a gadar Kennedy ta Yamai, ranar da ƙungiyar ɗalibai ta USN ke tunawa da ita duk shekara. Babban taron ƙasa ya biyo baya cikin 1991, aka karya darajar kuɗin sefa da rabi cikin Janairun 1994, malamai suka yi watanni ba albashi, yajin aiki da yajin karatu suka riƙa maye gurbin juna, har akan wayi gari shekara ta tashi fara, ba jarrabawa ba wucewa aji. A wannan zamani ne fada ta yaɗu a unguwanni, samari masu takardu na zaune gaban butar shayi suna jiran aikin da bai zo ba. Na baya-bayan nan sun samu jami'a a gida tun 2010, matatar man SORAZ ta buɗe cikin 2011, amma mafi yawansu bautar ƙasa da kwantiragin koyarwa suka tarar, wasu ma kabu-kabu.

Nan ne gizo ke saƙa. Tambayar da ta fi kowace nauyi a irin wannan zama ita ce ta inda mutum yake aiki yanzu. Wanda kullum shi ke zuwa na ɗaya a lissafi, ana iya samunsa yana koyarwa a wani ƙauye, yana jiran ƙarshen wata. Wanda aka kora tun kafin tarminal, ya kama hanyar Kano da Maigatari, shi ne Alhajin da ya sayi ragon taron. Ba laifi ba ne arziki, kuma galibi masu shi ba sa yin rowa. Amma ana ganin yadda wurin zama ke sauyawa ba tare da kowa ya ce uffan ba: mai muƙami a kan kujera, ana kiransa da sunan ofishinsa, wasu na raɓarsa da takardar neman aiki ta ƙane ko ta ɗa. Furomon da ya san abin da yake yi yakan kafa doka tun farko, cewa kowa tabarma, kowa da sunansa na makaranta. Dokar takan yi aiki har zuwa la'asar.

Akwai kuma waɗanda ba sa zuwa sam. Mata dama ba su da yawa a ajin, da dama aure ya ɗauke su kafin bak, waɗanda suka kammala kuma ba kowane miji ke barin su shiga taron maza ba, saboda haka sukan yi nasu daban, a wajen biki ko suna. Sai kuma mazan da kunya ta hana, waɗanda ke cikin gari, wani ma bayan layi kaɗan, amma suka kashe waya ranar. Su ne suka fi kowa buƙatar zumuncin, su ne kuma ya fi wuya a jawo.

Kafin a watse akan kawo maganar asusu. A yanka wa kowa jikka biyu ko biyar a wata, a naɗa ma'aji, galibi wanda aka sani da riƙon amana tun yana shugaban aji. Daga nan gardama ta tashi. Masu zaune Yamai da ƙasashen waje sun fi son abin da ido ke gani: bencina, littattafai, fentin aji, kyauta ga ɗalibin da ya fi ƙwazo, a ɗauki hoto. Mazauna gari kuwa, da yake su ake bugawa ƙofa da dare, sun fi son kuɗin su tafi ga takardar magani, ga marayun abokin da ya rasu, da tsohon mushe da fanshonsa ba ya kai shi tsakiyar wata. Sau da yawa akan raba biyu, a ɗora wa mutum uku na gari nauyin zagayawa gidajen marayun kafin komawar lakkol a watan Oktoba.