Keken Ɗinki Na Cukurkuɗa Zare? Ga Yadda Ake Saita Shi Da Taimakon Wayar Hannu

A Unguwar Dosa, kamar a maƙwabtanta Kawo da Badarawa da Unguwar Sarki, da zarar azumi ya yi nisa teloli sukan daina karɓar ɗinki. A irin wannan lokaci ne keken da ke ajiye a gida yake tashi aiki. Matasa da dama, musamman 'yan mata, sun koyi yanka da haɗa riga ta bidiyon YouTube da TikTok, kuma suna ɗinka wa ƙannensu, wasu ma har suna karɓar aikin maƙwabta. Sai dai bidiyon koyon yayi ba kasafai yake bayanin abin da za a yi ba idan aka juya yadi aka tarar zare ya dunƙule a ƙasa kamar sheƙar tsuntsu. Idan shadda ce mai tsada, farke ɗinkin yana barin hudar allura a jikinta, kuma mai kaya ba zai karɓi uzuri ba.

Mafi yawan lokuta keken lafiyarsa ƙalau. Ƙarfin jan zare ne, wanda teloli ke kira tenshan, ya kauce daga daidai.

Zare biyu ne ke ja-in-ja

Keken gida yana aiki da zare biyu: na sama da ke bi ta allura, da na ƙasa da ke naɗe a kwarkwaro cikin ƙoshiya. Duk saukar allura, zaren sama yana zagaye na ƙasa su sarƙe. Wannan dabara ta daɗe. Elias Howe ya yi mata rajista a Amurka a 1846, Isaac Singer kuma ya yi rajistar nasa keken a 1851. Baƙin keke ƙirar Butterfly da ake kawowa daga ƙasar Sin, wanda ya cika gidajen Arewa, an kwaikwayo shi ne daga tsohon samfurin Singer 15, kuma kekunan zamani masu lantarki irin su Brother da Janome duk a kan wannan tsari suke.

Ɗinki mai kyau shi ne wanda ƙullin zaren biyu ya ɓuya a tsakiyar yadi. Idan ɗaya ya fi ƙarfi, sai ya janyo ɗan'uwansa zuwa ɓangarensa. A nan ne masu koyo ke ruɗewa, domin matsalar tana bayyana ne a kishiyar inda ta samo asali. Cukurkuɗewa a ƙasan yadi yawanci laifin zaren sama ne da ya yi sako-sako. Idan kuwa zaren ƙasa ne ke leƙowa a sama, ko yadin yana tattarewa, to na sama ya yi tsauri.

Kafin a juya komai

Abu na farko shi ne a zare zaren sama gaba ɗaya a sake zura shi, ƙafar da ke danne yadi tana ɗage. Dalili kuwa, zaren yana bi ne ta tsakanin wasu ƙananan faifai biyu na ƙarfe da sifirin ke matsewa. Idan ƙafar tana sama, faifan a buɗe suke. Idan tana ƙasa, a rufe suke, sai zaren ya zame ta gefe bai shiga ba, komai lambar da aka saita. Wannan kaɗai yana magance cukurkuɗewa da yawa.

Na biyu shi ne ƙura. Hazon hunturu a Kaduna da ɓurɓushin atamfa suna taruwa tsakanin faifan, da ƙarƙashin haƙoran keke, da cikin ƙoshiya. A kunna fitilar waya a haska, a share da ƙaramin buroshi, a zura tsaftataccen ƙyalle tsakanin faifan. Ba a sa musu mai. Sauran sassa kuwa man keke kaɗai ake ɗiga musu, ban da man gyaɗa, domin yana daskarewa ya yi danƙo.

Na uku allura ce. Wadda ta lanƙwashe ko ta dakushe tana ɓata ɗinki tamkar matsalar tenshan. Lamba 70/10 ta dace da yadi mai laushi irin na mayafi, 80/12 ko 90/14 ta dace da atamfa da shadda, 100/16 kuma ta yadi mai kauri ce kamar jins. A kuma lura wajen saye a Kasuwar Kawo ko Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi: allurar keken gida tana da gefe ɗaya shafaffe a gindinta, alhali ta yawancin kekunan masana'anta zagayayya ce.

Gwajin launi biyu

Idan an yi duk wannan matsalar ba ta kau ba, sai a zo kan saiti. A sa jan zare a sama, fari a ƙasa, amma kaurinsu ya zama ɗaya. A ninka ragowar ƙyallen yadin da za a ɗinka gida biyu, a yi layi ɗaya. Daga nan a ɗauki hoton gaba da baya da kyamarar waya, a zuƙo hoton. Abin da ido ba ya gani a kan allo zai fito fili: ɗigon fari a sama yana nufin a sassauta, ja a ƙasa yana nufin a ƙara matsewa.

Kekunan zamani suna da maɓallin juyawa mai lambobi, galibi daga 0 zuwa 9, kuma ɗinki na yau da kullum yana zama tsakanin 3 da 5. Lamba mafi girma, matsi mafi ƙarfi. Baƙin keke kuwa sau da yawa noti ne kawai babu lamba: juyawa dama matsewa, hagu sassautawa. Saboda haka a ɗauki hotonsa kafin a taɓa, don a san inda za a koma. A riƙa juyawa kaɗan-kaɗan, rabin lamba ko kwatan zagaye, ana sake gwaji bayan kowane juyi. Wanda ya dace da atamfa ba lallai ya dace da leshi ba, don haka yana da kyau a ajiye hotunan saitin kowane yadi a kundi guda cikin waya.

Notin ƙoshiya shi ne na ƙarshe

A jikin ƙoshiya akwai ɗan mitsitsin noti da ke matse zaren ƙasa, kuma shi ne masu koyo suka fi saurin murɗawa. Ba a taɓa shi sai saitin sama ya gaza. A keken da ake ciro ƙoshiyarsa, gwajin mai sauƙi ne: a riƙe bakin zaren, ƙoshiyar tana reto, a ɗan girgiza hannu sau ɗaya. Ya kamata ta sauko kaɗan ta tsaya. Idan ta sulale har ƙasa, ta yi sako-sako. Idan ta ƙi motsi, ta yi tsauri. Juyin kada ya wuce kwatan zagaye, kuma a yi shi a kan faranti, domin idan notin ya faɗi a tsakar gida da wuya a gan shi. A duba kuma ko zaren ya naɗu daidai a kwarkwaro, domin naɗi mai tudu da kwari yana sa ɗinki ya riƙa canzawa a layi ɗaya.

Lokacin zuwa wajen mai gyara

Akwai abin da saiti ba ya gyarawa. Idan keken yana tsallake ɗinki bayan an sa sabuwar allura, ko allura tana bugun ƙarfe tana karyewa, to haɗuwar allura da ƙugiyar ƙasa ce ta goce, kuma wannan aikin makaniki ne. A ɗauki ɗan gajeren bidiyo mai sauti, a tura masa ta WhatsApp tare da hoton ƙyallen gwaji. Da su zai iya faɗin ko sai an ɗauko kan keken a Keke Napep, ko kuwa wani ƙaramin abu ne za a saya a canza a gida.